Ɗiban Gwamna da Halin Leburan Kuza, 1942–1944

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa nauyin da ke karya ma'aikaci ba duka ne ake ɗauka a ka ba. Akwai wanda zuciya ke ɗauka. Za mu soma da Jiga Maƙera ta ƙasar Aliero, wadda sunanta kansa ke nuni ga sana'ar ƙira. Aikin maƙeri ba wasa ba ne: ga zafin wuta, ga zugazugi, ga masaba wuni guda. Amma lokacinsa a hannunsa yake. In damina ta kama sai ya rage ƙira ya nufi gona, ba mai tuhumarsa.

Wannan 'yanci shi ne abin da talakawan Arewa da yawa suka rasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa En'e-En'e nauyin kawo leburori, hakimai da dagatai suka shiga ƙirga magidanta. Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke cikinsa a wancan zamani, yana daga lardunan da abin ya shafa. Talakawa suka sa wa abin suna "ɗiban gwamna", kuma kafin a gama an ɗebi mutum wajen dubu ɗari.

An sha bayyana wahalar jiki: sanyin Filato ga wanda ya saba da zafin gari, ƙarancin abinci, cunkoson bukkoki, da cututtukan da suka hallaka mutane da dama. A ganina, ba a ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa ba. Mutumin da aka raba da gonarsa wata da watanni, yana ɗauke da kwanon ƙasa amma hankalinsa na gida. Wa zai yi masa noma? Me iyali za su ci? Da me za a biya haraji? Ga heluma a kansa yana lissafin kwano. Irin wannan zullumi yakan hana barci, ya rage kuzari, ya sa gatari ya sauka inda ba a nufa ba.

Sakamakon bai ɓuya ba. Gudu daga bariki ya yawaita, aikin lebura na tilas kuma bai kai na wanda ya zo don kansa ba, har ƙarin kuzar da aka samu bai yi daidai da yawan mutanen da aka tara ba. A 1944 gwamnati ta soke tsarin.