Yadda Haɗiya Ta Shigo Aikin Masu Gyaran Magana

Mu masu aikin gyaran magana, da in'ina aka fi sanin mu, kuma daga nan muka faro. Da yawa cikin magabatanmu malaman koyar da lafazi ne. Sun kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1925, a Birtaniya kuma a 1945, inda cikin jagororin har da Lionel Logue, mutumin Ostireliya da ya daɗe yana taimaka wa Sarki George na Shida kan in'inarsa. Likitoci sun riga sun share mana fage: a 1861 Paul Broca na Faransa ya nuna cewa rauni a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa kan ɗauke wa mutum magana alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Sojojin da suka dawo daga yaƙe-yaƙen duniya da raunukan kai su suka ƙara jawo mu cikin asibitoci.

Can muka tarar da matsalar da ta fi rashin magana haɗari. Baki da harshe da maƙogwaron da ke magana su ne ke haɗiya, kuma shanyewar ɓarin jiki kan taɓa duka biyun. Jeri Logemann ta Jami'ar Northwestern a Amurka ta duƙufa a kan wannan, ta fitar da littafinta a 1983. Ana gauraya abinci da sinadarin bariyom, majinyaci ya haɗiye, hoton ƙashi mai motsi ya nuna inda lomar ta bi. Abin da aka gani ya girgiza mu: wani sai ruwa ya zarce masa hanyar numfashi, bai ƙware ba, ko tari bai yi ba. Bayan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon huhu. A 1988 Susan Langmore ta kawo dabarar zura siririyar kyamara ta hanci a bakin gadon majinyaci. A ganina, babu sauyin da ya ceci rayuka a sana'armu kamar wannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ilimin bai isa gidajenmu ba. Har yau akan ɗura wa tsoho kunu yana kwance, don tausayi. 'Yan uwa masu jinya, ku zaunar da shi sosai, ku ba shi da ƙaramin cokali, ku jira ya haɗiye. In kun ji muryarsa tana fita kamar da ruwa a maƙogwaronsa bayan ya sha, ku dakata, ku nemi a duba haɗiyarsa a asibiti.