Dajin Bialowieza: Takaddama tsakanin 'yan katako da masu kare muhalli

Dajin Bialowieza, wanda ya ratsa kan iyakar ƙasashen Poland da Belarus, yana daga cikin ragowar tsohon dajin da ya taɓa rufe mafi yawan filayen arewacin nahiyar Turai.

A shekarar 1979 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Poland cikin jerin wuraren tarihi na duniya, sannan ta haɗa da ɓangaren Belarus a 1992.

Dajin ya yi suna ne saboda ɓaunar Turai, wadda ta ƙare ƙaf a cikinsa a 1919, kafin a sake sakinta a 1952 daga waɗanda aka kiwata.

Tushen rikicin

Kimanin kashi ɗaya cikin shida ne kawai na ɓangaren Poland yake gandun daji na ƙasa. Mafi yawan sauran yana hannun hukumar kula da dazuzzuka ta gwamnati, wadda ke samun kuɗin shiga ta hanyar sayar da katako.

A watan Maris na 2016, ministan muhalli na lokacin, Jan Szyszko, ya ninka har sau uku adadin itacen da aka yarda a sare a wata gunduma ta dajin, daga kubik mita dubu 63 zuwa dubu 188.

Hujjar gwamnati ita ce, wani ƙwaro mai huda ɓawon itace yana kashe bishiyoyi, kuma matattun na iya faɗowa kan jama'a ko su rura gobara.

Sai dai masana kimiyya da ƙungiyoyin kare muhalli sun ce annobar ƙwaron aba ce da kan zo ta wuce, kuma dajin kan farfaɗo da kansa.

A nan ne ainihin saɓanin yake. Ga ɗan katako, itacen da ya mutu ya ruɓe a ƙasa asara ce. Ga masanin halittu kuwa, shi ne abinci da matsugunin ƙwari, da naman kaza, da tsuntsayen da ke sheƙa a kogon itace, waɗanda ba sa iya rayuwa a dajin da aka share.

Hukuncin kotu

A watan Yulin 2017, Hukumar Tarayyar Turai ta gurfanar da Poland a gaban kotun Tarayyar, wadda ta ba da umarnin dakatar da saran har sai ta yanke hukunci.

Da gwamnati ta ci gaba da aikin, yayin da masu zanga-zanga ke ɗaure kansu a jikin injinan sara, kotun ta yi barazanar cin ta tarar Yuro dubu 100 a kowace rana. Daga nan ne aka janye manyan injinan.

An sauke Mista Szyszko daga muƙaminsa a watan Janairun 2018, kuma a ranar 17 ga Afrilun shekarar kotun ta tabbatar cewa Poland ta keta dokokin Tarayyar na kare tsuntsaye da matsugunan halittu.

Sabuwar matsala

A 2022 Poland ta gina katangar ƙarfe mai tsawon kilomita kusan 186 a kan iyakarta da Belarus domin hana baƙin haure shiga.

Katangar ta bi ta tsakiyar dajin, abin da masana suka ce yana hana manyan dabbobi zirga-zirga tsakanin ɓangarorin biyu.