Ƙaramin Dogon Zariya Zuwa Jos: Jirgin Bauchi Da Bai Taɓa Shiga Bauchi Ba

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya gefe guda, mu waiwayi tarihin wani jirgin ƙasa da ya yi zamani a ƙasar nan kuma ya shuɗe, har ta kai yaran yanzu ba su san an yi shi ba. Turawa sun raɗa masa sunan Bauchi, alhali kuwa ko sau ɗaya bai taɓa taka garin Bauchi ba. Dalili shi ne a wancan lokaci tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi ne, shi ya sa sunan ya bi shi.

Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya san cewa ba duk layin dogo ne faɗinsa ɗaya ba. Idan aka ce faɗi, ana nufin tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu da jirgi yake bi. Babban ma'aunin da yawancin duniya take amfani da shi ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, wanda aka gada daga injiniyan Ingila George Stephenson. Duk layin da bai kai haka ba, shi ake kira matsattsen dogo. To me zai sa mutum ya matse dogonsa? Amsar ita ce kuɗi. Matsattsen layi yana iya shan kwana mai tsanani, saboda haka sai ya kewaye dutse maimakon a fasa shi, gadojinsa ƙanana ne, ƙarafansa marasa nauyi, ga shi ba ya cin fili.

Waɗanda suka fara nuna wa duniya amfanin wannan dabara su ne mutanen Festiniyog a yankin Wales na Birtaniya. Sun buɗe layinsu a 1836, faɗinsa bai cika ƙafa 2 ba, don sauko da duwatsun rufin ɗaki daga tsauni zuwa bakin teku. Da farko taragai gangarowa suke yi da kansu, dawakai su ja su su mayar sama. A 1863 suka sa kan jirgi mai aiki da tururi, abin da mutane da dama suke ganin ba zai yiwu ba a kan siririn layi irin wannan. Matsalar a fili take: kan jirgi tukunya ce ta ruwa da murhu a gindinta, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura sandunan da suke juya ƙafafu. Idan layi ya matse, murhu ba shi da wurin faɗaɗa, idan kuma aka ɗaga tukunya sama da yawa jirgi ya kife a kwana. Wani injiniya mai suna Robert Fairlie ya ƙera kan jirgi mai fuska biyu, wanda ƙafafunsa suke juyawa su bi kwana. Daga baya a 1909 kamfanin Beyer Peacock na Manchester ya fito da samfurin Garratt, inda aka rataye tukunya a tsakanin injuna biyu, ta samu damar yin ƙiba ba tare da ta yi tsawo ba.

Da Turawan mulkin mallaka suka zo Afirka, wannan araha ita ta ja hankalinsu. Layin Legas da ya isa Ibadan a 1901 faɗinsa ƙafa 3 ne da inci 6, haka ma layin Baro zuwa Kano da aka fara a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya kuma isa Kano a 1911. Ka ga ke nan tsohon dogon da muka tashi muka gani a Kano da Zariya da Nguru da Kaura Namoda duk matsattse ne a ma'aunin duniya. Amma akwai wanda ya fi shi matsewa. A 1901 Lugard ya sa aka shimfiɗa wani ɗan layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zungeru zuwa Wushishi, aka ƙarasa shi Barijuko a bakin kogin Kaduna, don ɗauko kayan gwamnati daga jiragen ruwa zuwa sabuwar hedikwata. Shi ne jirgin ƙasa na farko da ya yi tafiya a Arewa. Da babban dogo ya iso Zungeru sai amfaninsa ya ƙare, aka kwashe kayansa.

Ina aka nufa da su? Tsaunukan Jos, inda kuza take. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai sun san narka kuza suna sayarwa. Amma da kamfanonin Turawa suka dira a Naraguta da kewayenta, sai abin ya zama na fitarwa waje. Hanyar fitar da ita kuwa kawunan mutane ce: 'yan dako su ɗauka su yi kwana da kwanaki a ƙasa har Loko a bakin kogin Binuwai. Masu kamfanoni suka matsa wa gwamnati lamba a yi masu dogo, gwamnati kuma ba ta son kashe kuɗi da yawa, sai aka tsaya a kan ƙaramin layi mai ƙafa 2 da inci 6. Aka fara aiki daga Zariya a 1911, aka buɗe shi kashi-kashi, har ya isa Jos da Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jengre, sannan ya kama hawan tsauni yana murɗe-murɗe, domin kuwa Jos ta ɗara Zariya tudu da sama da mita 500.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tambaya: arahar nan da ake yabo, wa ya biya ta? Ba injuna ne suka haƙa ƙasa suka cike kwari ba. Talakawa ne da diga da kwando, waɗanda hakimai da dagatai suke tarawa daga ƙauyuka bisa umarnin Nasara, sau da yawa ba da son ransu ba, gonakinsu a yashe. Daga nan kalmar aikin diga ta zauna a bakin Hausawa, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kanta wadda aka sani da Waƙar Diga. A littattafan Turawa za ka ga sunan injiniya da na gwamna, amma leburan da ya ɗauki ƙarfe a kafaɗa lamba ce kawai a takardar biya.

Shi kuma ƙaramin jirgin ya zo da cutarsa tun daga haihuwa. Taragonsa ba ya hawa babban layi, na babban layi ba ya hawa nasa. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake loda shi a wani tarago, haka ma duk injin da za a kai wurin haƙar ma'adinai. Ga rashin sauri, ga ƙarancin abin da ƙananan kawunansa suke iya ja a hawa. Abin da aka tsimi wajen gini, sai aka riƙa biyansa kullum wajen aiki.

A 1927 babban layin Gabas da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu mai kwal, ya miƙo reshe daga Kafanchan zuwa Jos, aka faɗaɗa guntun da ke tsakanin Bukuru da Jos ya dace da shi. Daga ranar kuza ta samu hanyar zuwa teku ba tare da sauke-sauke ba. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da lallaɓawa da fasinjoji da kayan gona na tsawon shekara 30, motoci kuma suna ƙwace masa ciniki, har aka rufe shi a 1957. Garin Bauchi kuwa sai a farkon shekarun 1960 ya ga jirgi, lokacin da aka ja layin Barno da ya isa Maiduguri a 1964. Wanda yake son ganin abin da ya rage, ya je gidan tarihi na Jos, akwai tsofaffin kawunan jirgin a ajiye.

Abin lura a nan shi ne, an auna wannan layi ne da buƙatar kamfani, ba da buƙatar mutanen Soba ko Rahama ba. Da kuza ta canza hanya, sai garuruwan da ke tsakani suka rasa jirgi, babu wanda ya tambaye su. Yau mun shiga zamanin babban ma'auni: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, an kuma aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Waɗannan sababbin layuka ba sa haɗuwa da tsohon dogo, wato matsalar tashar Zariya ta shekara 100 da suka wuce ta sake dawowa da sabuwar riga. Ya rage namu mu riƙa tambayar masu shimfiɗa su inda manomi zai loda buhunsa, da kuma abin da za a yi da dubban kilomitoci na tsohon layi da ya ratsa garuruwanmu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan labarinmu. A huta lafiya.