Tarihin Turaren Binta Sudan

A ƙasar Hausa da wuya a sami dattijo ko dattijuwar da ba su san ƙamshin Binta Sudan ba. Turare ne na mai, a ƙaramar kwalba mai cin mililita 12, kuma ƙamshinsa na furanni ne, mai sanyi, ba ya hawa kai. Sunansa na asali Bint el Sudan, wato 'yar Sudan da Larabci, amma bakin Bahaushe ya mai da Bint ta koma Binta. Mutane da yawa suna ɗauka daga Sudan yake zuwa. A gaskiya a birnin Landan aka fara haɗa shi, a shekarar 1920.

Kamfanin W. J. Bush ne ya yi shi. Wani wakilin kamfanin mai suna Eric Burgess ya je Sudan a 1919, lokacin ƙasar tana hannun Ingila da Masar. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne wasu manyan ƙasar suka kawo masa kayan ƙamshin da suke so, suka nemi a haɗa musu su a turare guda. Ya koma da su Landan, aka yi ta gwaji har aka dace. A cikin haɗin akwai ƙamshin furen yasmin da na wasu furanni, sannan a ƙarƙashinsu akwai miski da ambar. A jikin kwalbar aka manna hoton wata budurwa 'yar Sudan cikin shigar gargajiya, kuma an ce Burgess ne ya ɗauki hoton da kansa.

Abin da ya ba turaren nan farin jini shi ne ba a sa masa barasa ba. Yawancin turarukan Turai na lokacin da barasa ake narka su, malamai da yawa kuwa suna ganin barasa najasa ce, ba a salla da ita a jiki ko a tufa. Binta Sudan mai ne zalla, saboda haka mutum yana iya shafa shi ya wuce masallaci hankali kwance, musamman ranar Juma'a da aka kwaɗaitar da sa turare. Ban da wannan, turaren barasa yakan tashi da sauri a zafin rana, shi kuwa mai yakan kama fata da yadi ya wuni. Ɗigo biyu a tafin hannu sun isa a goga a gemu da wuyan riga. Kwalba ɗaya takan daɗe a hannun mai tattali.

Ta yaya ya iso ƙasar Hausa? Amsar tana kan hanyar aikin hajji. Kafin jirgin sama ya yawaita, mahajjata a ƙasa suke tafiya. Daga Kano su nufi Barno, su ratsa Chadi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Abeche, su shiga Darfur, su wuce El Obeid da Khartum, har bakin Bahar Maliya inda za su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin mutane sukan tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Wasu ma ba su dawo ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 jama'a da dama sun yi hijira gabas, kuma garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu zuriyarsu ce ta kafa shi. Waɗanda suka dawo gida kuwa sai da tsaraba, kuma babu tsarabar da ta fi ƙaramar kwalba sauƙin ɗauka. Ba ta da nauyi, ba ta lalacewa, in guzuri ya ƙare a hanya ana iya sayar da ita. Mai harami dai ba ya taɓa turare, amma da zarar ya sauke harami ya sami dama.

Da kasuwarsa ta buɗe a yammacin Afirka sai aka fara ɗura shi a Kano, daga nan fatake ke kai shi Maiduguri da Damagaram da Maraɗi da arewacin Kamaru. Kamfanin kansa ya sha canza hannu: a 1966 ya haɗe da wasu biyu suka zama Bush Boake Allen, a shekarar 2000 kuma kamfanin IFF na Amurka ya saye su. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya taɓa cinikinsa, domin Maiduguri babbar kasuwarsa ce kuma ƙofa ce ta zuwa Chadi.

A cikin gida aikinsa ya wuce shafawa. Mata masu haɗa humra da turaren wuta, musamman a Barno da Chadi, sukan zuba shi cikin haɗinsu tare da sandal da farce. Ya shiga kayan lefe, ya shiga gidan suna, ana kuma yayyafa shi a likkafani. Wannan aikin na ƙarshe ne ya jawo masa baƙin jini wajen wasu matasa, har sukan kira shi turaren gawa ko turaren tsofaffi, su gwammace na fesawa da ake kawowa daga Dubai. Hukuncin ya yi tsauri, don an kai shi wajen jana'iza ne saboda shi ne turaren da ba a rasa shi a gida, kuma babu mai shakkar tsarkinsa. Har yanzu masu tebur a bakin masallatan Juma'a suna jera shi kusa da carbi da asuwaki.