Tsami Ɗan Gida, Zaƙi Baƙo: Tarihin Ƙwaryar Tarar Baƙi a Ƙasar Kabi

Kowace al'umma tana da abin da take tarar baƙo da shi kafin tukunya ta sauka. A Amurka, idan ƙarshen shekara ya kama, dangi suka cika gida, uwargida kan ɗauko wani cuku mai laushi, ta malala masa jajayen 'ya'yan itacen nan masu tsami da ake kira kiranberi bayan ta dafa su da sukari, ta jera biskit a gefe, kowa ya miƙa hannu ya lakata. Ba ya cin minti goma. Kiranberi ba ya fitowa a ƙasa mai zafi irin tamu, yawancin mutanen Argungu da Birnin Kebbi ma ba su taɓa ganinsa ba. Amma haɗin da ke cikin farantin, wato nono da tsami da zaƙi, ba baƙonmu ba ne. Shi ne ke cikin ƙwaryar fura da ake miƙa wa wanda ya sauka da rana tsaka. Sai dai abubuwan nan uku ba rana ɗaya suka shiga ƙwaryar ba, kowanne da zamaninsa.

Tsami ne ya riga kowa, kuma ba don marmari aka nemo shi ba. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, madarar da aka tatsa da asuba ba ta kai la'asar da lafiyarta. Matan Fulani sun daɗe da gano cewa maganin lalacewar madara shi ne a riga ta, a tsamar da ita da gangan. Idan an tatso, sai a ɗora a wuta, a sauke ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, a zuba ɗan ludayin nonon jiya, a rufe ƙwarya da faifai, a kai lungun bukka. Kafin gari ya waye ta kama, ta zama kindirmo, ludayi na yanka shi yana barin gurbi. Abin da ya faru cikin dare shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin nonon jiya sun cinye zaƙin madarar sun mayar da shi tsami, tsamin kuwa ya hana miyagun ƙwayoyi sakewa. In ana son mai, a kaɗa shi a gora har man shanu ya taso a kwashe, abin da ya rage shi ne tsala, wadda ta fi ruwa, ta fi araha, ta kuma fi cizon harshe.

Ƙasar Kabi wuri ne da aka halitta domin wannan sana'a. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da na Sakkwato, yana malalowa kudu ta Argungu da Birnin Kebbi cikin fadama mai faɗi, kafin ya faɗa Kwara. Da damina ruwa ya shafe fadamar, makiyaya su hau tudu. Da rani ruwa ya ja, ya bar ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe, sai garkunan Bokoloji da Rahaji su gangaro. Bakabe yana da gero da shinkafa da kifi, Bafulatana tana da nono, kowa na bukatar abin hannun ɗan'uwansa. Fura da nono ita ce wannan ciniki a cikin ƙwarya ɗaya: dawon daga rumbun manomi, nonon daga rugar makiyayi.

Siyasa ta sha juyawa a kan wannan fadama. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga mulkin Askiya na Songhai wajen 1516, ya gina Surame. Daga baya gadon sarauta ya koma Birnin Kebbi, har rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin a 1805. Kabawa suka ja da baya, Argungu ta zama cibiyarsu, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar tawaye a 1849, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Cikin wannan hali ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, kuma fura na cikin abubuwan da ya ambata a labarin tafiyarsa ta ƙasar Hausa. A ganina, ba yaƙi ne ya fi girgiza ƙwaryar nono ba. Annobar bushiya da ta ratsa Afirka wajen 1890 ita ce ta kusan share shanu daga wannan yanki, ta bar masu garke da sanda kawai a hannu. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya.

Akwai tsami na biyu, wanda rani ya haifa. Ko da fadama, saniya ba ta ba da nono a watan Maris kamar yadda take bayarwa a Agusta. Idan nono ya yi ƙaranci, mai talla kan jiƙa farin garin 'ya'yan kuka, ta tace, ta haɗa da ɗan abin da ta samu, ya yi kauri, ya ƙara tsami. Wasu na kiran wannan algus, kuma in an sayar maka da shi da sunan kindirmo zalla, algus ɗin ne. Amma kuka ba guba ba ce, tana ɗauke da sinadarin bitamin C mai yawa, kuma baki ya saba da ita har ta zama abin so a karan kanta. Yaran da ke sayen kwalba da nono a ƙofar makaranta ba dole aka yi musu ba. To ga nono, ga ɗan itace mai tsami: abin da Ba'amurke ya nema a kiranberi mu a kuka muka same shi, sai kuma tsamiya da ke cikin kunu, da sure, wato yakuwa, wanda jan furensa ke ba da zoɓo.

Zaƙi shi ne autan ƙwarya. Furar da kakanninmu suka sha yaji ne ke tashi a cikinta: citta, kanumfari, masoro, barkono, waɗanda ake dakawa tare da geron tun kafin a dafa dawo a kirɓa shi a turmi. Mai hali kan ɗiga zuma, ko ya jefa dabinon da ayarin Abzinawa ya kawo, amma wannan sai gidan sarauta ko na attajiri, ko ranar buki. Akwai rake da takanɗa, daga baya aka sami mazarƙwaila, duk da haka farin sukari bai yawaita ba sai da kantunan Turawa suka kafu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Gusau da Kaura Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Kuɗin gyaɗa da auduga da fata suka shiga aljihun talaka, sukarin kwali mai ƙwaya-ƙwaya ya bi motocin 'yan kasuwa zuwa ƙauyuka. Masana'antar sukari ta Bacita ta soma aiki a 1964, ta Numan ta biyo baya. Cikin zuriya biyu kacal, abin da yake na sarakuna ya koma ƙullin leda a gefen ƙwaryar mai nono.

Je ka inuwar da masu nono ke zama a kasuwar Argungu ka gani. Ƙwarai a jere, an goge bayansu fes, kowace da faifanta. Mutum ya tsuguna ya ce, "Inna, a dama man hura." Ta ɗauki curin dawo biyu, ta murƙushe su da bayan ludayi a jikin ƙwarya, ta zuba nono kaɗan ta yi ta murzawa har gudaji su mutu, sannan ta ƙara nono, ta ɗago kai: "Da sukari ko babu?" Dattijo yakan girgiza kai, ya ce sukari na kashe ɗanɗanon gero. Saurayi kuwa sai ya ce a ƙara, a sa ƙanƙara. Tambayar nan tata shekarunta ba su kai na ƙwaryar kakarta ba.

Su ma Amurkawa haka tarihin farantinsu yake, daki-daki. 'Yan asalin ƙasar sun san kiranberi tun kafin zuwan Turawa, Henry Hall ya fara nomansa a gona wajen 1816. William Lawrence, wani mai sana'ar madara a jihar Niyok, shi ya fara yin cuku mai laushin nan da yawa a 1872, aka laƙaba masa sunan Philadelphia a 1880. Marcus Urann ya soma zuba dafaffen kiranberi a gwangwani a 1912, manoma suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ta zama Ocean Spray a 1930. Saurin da uwargidar Amurka ke taƙama da shi masana'anta da firji ne suka ba ta. Namu saurin kuwa wata mata ce ta biya shi, wadda ta tashi tun asuba ta yi tafiyar kilomitoci da ƙwarya a ka.

Argungu ta zama garin baƙi na sosai daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su a gulbi, aka binne tsohuwar gaba. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Bikin kan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da gidaje suka cika maƙil, nono kuma ya yi tsada. Baƙonka annabinka, in ji Bahaushe, don haka dole a nemo abin damu ko ta halin ƙaƙa.

Wannan giɓi ne madarar gari ta cike. Peak ta shigo Najeriya a 1954, Cowbell ta kawo ƙananan ƙulli a 1993, yau kuwa ba sirri ba ne cewa yogot da yawa da ake dama fura da shi a shagunan Birnin Kebbi, da injin markaɗe, da kwakwa da dabino a kai, daga garin madarar ƙasashen waje aka yi shi. Ita kuma fadamar ta sauya. Madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da ke shayar da ita, shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 da injin casar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 sun sa noman rani ya mamaye wuraren da shanu ke kiwo. Shinkafa alheri ce, babu mai musu. Amma burtali da mashaya sun ƙuntata, rashin tsaro ya kori wasu rugage, kindirmo na ainihi ya fara zama abin da sai an yi sako.

Uwargidar da ke son gwada irin farantin Amurka ba sai ta nemi kiranberi ba. Ta zuba kindirmo a farin ƙyalle mai tsabta, ta rataye ya tsane na 'yan sa'o'i har ya yi kauri, ta dafa furen zoɓo da sukari da citta har ya yi danƙo, ta malala a kai, ta kawo da gurasa ko biskit. Sharaɗin ɗaya ne: kindirmon ya zama na saniya. Wannan kuwa ba a kicin ake warware shi ba, sai gwamnatin Kebbi da masarautun Argungu da Gwandu sun tsaya sun ware wa shanu burtali da mashaya a cikin fadamar.