Daga Rajistar En'e zuwa Manhajar DHIS2: Yadda Tattara Bayanan Lafiya Ya Samo Asali a Gombe

Tun daga shekarar 2024, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ƙarfafa batun mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a faɗin Najeriya, muhawara ta sake tashi tsakanin masu ganin cewa sayen na'urori ne zai kawo ƙarshen ɓacewar katin asibiti da dogon layin ɗakin kati, da kuma masu ganin cewa an sha sayen na'urorin a baya ba tare da an ga wani canji ba. Jihar Gombe tana cikin wuraren da suka fi dacewa a auna wannan muhawara, domin an yi bincike mai zurfi a kan bayanan ƙananan asibitocinta, kuma abin da binciken ya nuna ya shafi kowace mai ciki da ke fitowa daga unguwa irin Malam Inna zuwa awo, ko da ba ta taɓa jin sunan manhajar da ake zuba bayananta a ciki ba.

Tarihin farko gajere ne. Masarautar Gombe da Buba Yero ya kafa a zamanin jihadi ta san rubutu na alƙalai da wasiƙun sarakuna, amma magani yana hannun wanzamai da ungozomomi da masu ɗori da malamai, waɗanda iliminsu a ka yake, ana gadonsa daga iyaye. Bayan da Turawa suka mayar da hedkwatar masarautar zuwa Gombe Doma a 1919, asibitocin sha-ka-tafi na En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta, su ne suka shigo da rajista, kuma an tsara rajistar ne domin likitan gwamnati ya san yawan mutanen da aka duba da yawan maganin da aka kashe, ya haɗa rahoton shekara ya tura sama. Malamin asibitin da ya yi rubutun ba a tsammanin zai sake buɗe shafin domin ya yanke wata shawara da kansa. Wannan ɗabi'a ta rubutu domin na sama ita ce gadon da ya fi daɗewa a tsarin, kuma ita ce ta ƙetare daga takarda zuwa kwamfuta ba tare da ta sauya ba.

Akwai wani abu guda da ya saɓa wa wannan ɗabi'a, kuma abin alfahari ne cewa a Najeriya aka ƙirƙiro shi. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, da ke aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarbawa, ya tsara katin awon nauyin yaro wanda uwa ce ke riƙe shi a gida, kuma daga baya katin ya bazu a ƙasashe masu tasowa da dama. Katin rigakafi da iyaye mata ke adanawa a cikin leda a yau jikan wancan kati ne, kuma dalilin ɗorewarsa a fili yake: mai riƙe da shi tana da buƙata a cikinsa.

Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora duniya a kan kiwon lafiya a matakin farko, kuma a Najeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya ɗauki abin da gaske, ya fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, ya danƙa ƙananan asibitoci a hannun ƙananan hukumomi, sannan aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. Sai dai a cikin shekarun da suka biyo baya kowane shiri ya zo da nasa fom, na rigakafi daban, na zazzaɓin cizon sauro daban, na tarin fuka daban, na cuta mai karya garkuwar jiki daban, domin kowace ƙungiyar da ta ba da kuɗi tana son alƙaluman da za ta nuna wa masu ba ta kuɗin. Ma'aikaciya guda, wadda ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai allura, sai ta zama magatakardar ofisoshi da yawa da ba su san juna ba.

A cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 11, kuma birnin da ya zama hedkwata ya fara faɗaɗa da sauri. Kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004 ya ƙara jawo ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, rikicin Boko Haram ya koro iyalai daga Borno da Yobe, unguwanni irin su Malam Inna suka cika da mutanen da ba a haife su a nan ba, waɗanda tarihin rashin lafiyarsu yana wata rajista a wani gari, idan ma an taɓa rubuta shi.

Manhajar da aka kawo domin haɗa kan waɗannan bayanai ita ce DHIS, wadda ma'anar sunanta ita ce tsarin bayanan lafiya na gunduma. An fara gina ta ne a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, da haɗin gwiwar Jami'ar Western Cape da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, kuma babbar manufar waɗanda suka gina ta ita ce ma'aikatan gunduma su riƙa amfani da alƙalumansu wajen gudanar da aikinsu. Sabon zubinta mai aiki ta intanet, DHIS2, an fara amfani da shi a Kerala ta ƙasar Indiya a 2006, kuma a 2013 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da shi a matsayin rumbun bai ɗaya na bayanan asibitocin Najeriya. Yadda aikin yake a aikace shi ne, ma'aikatan asibiti suna cika rajistocin yau da kullum da biro, a ƙarshen wata su ƙirga layi-layi su zuba jimilla a fom ɗin wata, sannan a kai fom ɗin ga jami'in sa ido da tantancewa na ƙaramar hukuma, wanda shi ne ke shigar da alƙaluman cikin kwamfuta. Saboda haka kwamfutar tana ƙarshen doguwar hanya ce da hannun mutane ya riga ya yi mafi yawanta.

A nan ne shaidar Gombe take da nauyi. Masu bincike na shirin IDEAS na Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, tare da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar, sun kwatanta abin da ke cikin DHIS2 da abin da ke cikin rajistocin asibitoci daga Yulin 2016 zuwa Yunin 2017, kuma sakamakon da Antoinette Bhattacharya da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga cikin ma'aunai 14 masu muhimmanci ga lafiyar uwa da jariri, 12 suna da gurbi a manhajar, amma bayanan ba su cika ba a aƙalla kashi 40 cikin ɗari na lokutan da ya kamata, kuma abin da ya isa manhajar ya gaza abin da ke rubuce a rajista da kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin da aka duba. An kuma lura cewa alƙaluman da ke ƙirga zuwan mutane, kamar yawan matan da suka zo awo, sun fi inganci a kan waɗanda ke nuna ainihin abin da aka yi wa matar bayan ta zo.

Bayanin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne rashin wutar lantarki da rashin sabis, kuma babu mai musun cewa matsaloli ne na gaske, amma ba su isa su bayyana wannan sakamako ba, domin wutar da ta ɗauke wa ma'auni guda ita ce ta ɗauke wa ɗan'uwansa da ke kan fom ɗaya, alhali ɗaya ya fito da kyau ɗaya ya fito a gurguje. Bayani na biyu, wanda manya suka fi so, shi ne sakacin ƙananan ma'aikata, kuma shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, tun da aikin da aka yi kuma aka rubuta a rajista ne ya kasa isa sama, wanda ke nufin ma'aikatan suna rage wa kansu yabo ne. Abin da ya fi dacewa da shaidar shi ne cewa alƙalumin da shugaba ke tambaya a kansa shi ake kula da shi, wanda kuma babu mai tambaya, kuma babu wani sakamako da ke dawowa ga wadda ta ƙirga shi, yakan lalace a hanya ko da an sayi na'ura mafi tsada.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan fahimta. Daga 2017 zuwa 2018 an riƙa tara jami'an ƙananan hukumomi 11 a tarurrukan bita, inda kowannensu ke auna ingancin bayanan yankinsa da kansa, ya gabatar a gaban takwarorinsa, su yi masa gyara, su tsara abin da za a yi kafin zama na gaba, sannan su ci gaba da tuntuɓar juna ta WhatsApp. Ba a sauya manhajar ba, amma rahoton da aka wallafa a 2020 ya nuna ci gaba a cikar bayanai da isowarsu a kan lokaci da kuma daidaitonsu da rajista. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da aka yi a Gombe bai wuce ba wa masu ɗakin dama su duba rufinsu ba.

Ƙasashe masu arziki ma sun sha wannan darasi da tsada. Ingila ta fara gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya a kwamfuta a 2002, ta sanar da wargaza shi a 2011, kuma an ƙiyasta kuɗinsa ya kusa fam biliyan 10. Daga cikin manyan dalilan da aka bayar akwai tsara shi daga sama ba tare da jin ta bakin likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi aiki da shi ba. Ƙasar da ba ta san ɗaukewar wuta ba ce ta faɗa wannan rami, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa masu ɗora komai a kan lantarki su sake tunani.

Yau mazaunin Malam Inna yakan fara da kemis, ya wuce ƙaramin asibiti, daga nan a tura shi Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma a kowane wuri sai ya sake ba da labarin ciwonsa daga farko. DHIS2 ba ta warware masa wannan ba, domin jimillar wata take ajiyewa, ba tarihin mutum ɗaya ba, kuma shi ya sa ake buƙatar sabon tsarin da ake magana a kansa. Gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, wadda ta hau mulki a 2019, ta ɗauki manufar samar da asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 114 na jihar, ta kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta GoHealth, wadda ita ma tana buƙatar nata bayanan, kuma haɗarin da ke gaba shi ne a miƙa wa ungozoma ƙaramar kwamfuta a bar mata dukan rajistocinta, ta riƙa rubuta abu ɗaya sau biyu alhali mata suna jira a kan benci.

Ya wajaba ga hukumomin lafiya na Gombe, kafin su rattaba hannu a kan kwangilar kowace sabuwar manhaja, su rage yawan fom ɗin da ake cikawa, su ɗauki ma'aikatan adana bayanai a ƙananan asibitoci, su sanya kuɗin tarurrukan bitar bayanai a cikin kasafin jiha maimakon jiran ƙungiyoyin waje, kuma su tabbatar kowane asibiti yana samun sakamakon alƙalumansa a kowane wata, a kuma karanta shi a gaban kwamitin ci gaban mazaɓa domin jama'ar unguwa su ji.