Nazarin Jinsi da Launin Fata a Jami'a: Asalinsa da Yadda Ya Shafi Maiduguri

Nazarin al'amuran mata fanni ne na ilimin jami'a da ke binciken rayuwar mata a tarihi, da tattalin arziki, da shari'a, da adabi. Da tafiya ta yi nisa, sai ya faɗaɗa zuwa nazarin jinsi, wato binciken yadda kowace al'umma ke raba aiki da iko da dukiya tsakanin maza da mata. Wani reshensa kuma yana duba yadda launin fata, da ƙabila, da asali ke sauya matsayin mace, ta yadda mata biyu a gari ɗaya za su iya fuskantar rayuwa mabambanta matuƙa.

A Hausa kalmar "jinsi" tana ɗaukar ma'anonin biyu a lokaci guda, domin ana cewa jinsin mata, ana kuma cewa jinsin baƙar fata. Abin da Turanci ya raba gida biyu, Hausa ta riga ta haɗa shi a kalma ɗaya.

Inda aka faro

A Amurka aka fara koyar da fannin a matsayin darasi mai cin gashin kansa. Kwalejin jihar Kalifoniya da ke San Diego ce ta buɗe cikakken shirin farko a 1970. Ba a jima ba sai mata baƙar fata suka fara ƙorafin cewa macen da ake magana a kanta a azuzuwan, Baturiya ce mai rufin asiri, alhali kakanninsu bayi ne da suka yi aikin gona tare da maza, kuma ba su taɓa sanin zaman gida ba balle su nemi a 'yanta su daga gare shi. A 1981 Angela Davis da bell hooks suka fitar da littattafan da suka kafa wannan suka.

Hujjar da ta fi yin tasiri daga kotu ta fito. A 1976 wasu mata baƙar fata biyar suka yi ƙarar kamfanin motoci na General Motors bisa korar da aka yi musu. Kotu ta ƙi karɓar ƙarar a matsayin wariyar da ta haɗa jinsi da launi, ta ce sai dai a zaɓi ɗaya. Kamfanin kuwa yana ɗaukar mata, amma Turawa. Yana ɗaukar baƙar fata, amma maza. Masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta yi amfani da wannan shari'a a 1989 ta nuna cewa wanda ke tsaye a mahaɗar hanyoyi biyu, mota na iya buge shi daga kowace fuska, kuma dokar da ke duban hanya ɗaya kaɗai ba za ta ga abin da ya same shi ba. Daga nan aka samu ra'ayin da za a iya kira mahaɗar wariya.

Shigowarsa Najeriya

Masana mata na Afirka ba su jira an kawo musu fannin ba. A 1977 suka kafa ƙungiyar bincike ta AAWORD a Dakar. A Najeriya, taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1982 ne ya haifar da ƙungiyar WIN, wadda Ayesha Imam na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma tun farko ta dage cewa ba a raba matsalar mace da matsalar talauci. A 1987 aka buɗe cibiyar WORDOC a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin jagorancin masaniyar tarihi Bolanle Awe. Amina Mama, haifaffiyar Kaduna, ta jagoranci Cibiyar Nazarin Jinsi ta Afirka a Jami'ar Cape Town. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da cibiyarta ta nazarin jinsi.

Gudummawar 'yan Najeriya mafi shahara ita ce ƙalubalantar Turawa kan ainihin ma'anar jinsi. Ifi Amadiume ta nuna a 1987 cewa a garin Nnobi na ƙasar Ibo 'ya mace na iya gadon matsayin ɗa namiji. Oyeronke Oyewumi ta ce a 1997 girma da shekaru ne suka tsara al'ummar Yarbawa ta dā, ba jinsi ba, ta kuma kafa hujja da cewa harshen bai bambanta namiji da mace a wakilin suna. Borno ta isa a gwada wannan hujja da ita. Harshen Kanuri shi ma bai bambanta ba: kalmar "shi" a Kanuri tana nufin namiji, tana nufin mace. Duk da haka babu wanda zai ce al'ummar Kanuri ba ta raba aikin maza da na mata ba. Harshe shaida ne, amma shi kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Borno: sarauta, bauta da unguwar Turawa

A daular Borno mata na da muƙamai a fada. Akwai Magira, mahaifiyar Mai. Da Gumsu, uwargidansa. Da Magaram, 'yar'uwarsa. Tarihin baka ya ambaci Magira Aisa Kili a matsayin wadda ta riƙe mulki a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Alauma. Sau da yawa a nan masu jawabi a taruka kan tsaya, saboda labarin yana da daɗin ji.

Sai dai wannan fada ɗin tana da bayi mata da ƙwaraƙwarai, kuma hanyar fatauci da ta tashi daga Borno ta bi ta Bilma zuwa Fezzan da Tarabulus ta kwashe mata masu yawa, galibi daga ƙabilun da ke kudancin daular. Matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya isa Kukawa a 1851, da Gustav Nachtigal, wanda ya isa a 1870, sun rubuta abin da suka gani. Ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936. Magira da baiwar da ke mata fifita duk mata ne, kuma duk baƙaƙe ne. Asali da addini da ƙabila ne suka raba su. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya ɗauko ma'aunin Amurka na fari da baƙi ya ɗora a kan Maiduguri, inda Kanuri da Larabawan Shuwa da Babur da Margi da Hausawa da Fulani ke zaune tare, zai rasa mafi yawan abin da ke gabansa.

Inda launin fata ya yi aiki ƙarara shi ne tsarin gari. An kafa Yerwa a 1907 lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya koma can, Turawan mulki kuma suka keɓe wa kansu unguwa. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugard ta tanadi a bar fili marar gini na yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, da hujjar kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Irin waɗannan unguwanni ne daga baya suka zama GRA, manyan ma'aikatan gwamnati suka gaje su.

Bayan rikicin Boko Haram

A yau unguwar GRA ta Maiduguri cike take da ofisoshin ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, kuma daga irin waɗannan ofisoshi ake tsara bincike mai yawa kan matan Borno. Sace ɗalibai 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilu, 2014 ya jawo hankalin duniya. A 2016 UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar da rahoto kan ƙyamar da ake nuna wa matan da suka dawo daga hannun mayaƙa da 'ya'yan da suka haifa a can. Hilary Matfess ta wallafa littafi a 2017 inda ta nuna cewa ba duk matan ne aka sace ba. Akwai waɗanda suka shiga da kansu saboda abin da suke ganin za su samu. Hamsatu Allamin, 'yar Maiduguri, ta yi jawabi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, kuma gidauniyarta na aiki da matan da mazajensu da 'ya'yansu suka ɓata.

A nan ra'ayin mahaɗar wariya ya nuna amfaninsa. An san sunan Chibok a ko'ina, amma ɗimbin matan da aka kwashe daga ƙauyukan Bama da Gwoza ba su samu irin wannan kulawa ba. Bazawarar da ke gudun hijira, ba ta jin Hausa balle Turanci, kuma ana zarginta saboda ƙauyen da ta fito, buƙatarta ba ɗaya take da ta ma'aikaciyar da ke zaune a GRA ba, ko da takardar shiri ta kira su duka "mata".

Suka da muhawara

Fannin na fuskantar zargin cewa hanya ce ta shigo da al'adun Turawa. Irin wannan fargaba ta fito fili a watan Maris na 2016, lokacin da Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaita damar jinsi, inda wasu sanatoci suka kafa hujja da addini da batun gado. Masana na Arewa kan amsa da tarihin gida: Nana Asma'u (1793–1864) da tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara, da gwagwarmayar Gambo Sawaba a lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, ikon da bai samu ba sai 1976, da kuma ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985.

Akwai kuma suka daga cikin gida, wadda ta fi nauyi. Mai ba da kuɗin bincike shi ke zaɓar tambaya, kuma galibi daga waje yake. Ana hira da mata da Kanuri ko Hausa ta bakin tafinta, a rubuta sakamakon da Turanci, waɗanda aka yi hirar da su kuma ba kasafai suke jin abin da aka rubuta ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975 kuma marubuciya Zaynab Alkali ta daɗe tana koyarwa a cikinta, tana da malamai da ɗalibai masu jin waɗannan harsuna, ana kuma koyar da Kanuri da Hausa a cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda ta yaye su ne ke tattara bayanan a sansanoni da ƙauyuka, ko da yake ba kullum sunayensu ke fitowa a bangon rahoton ba.